Gahawa a Gida: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙwaya, Niƙa, Ruwa da Kayan Haɗawa

A wannan shafi, idan muka ce "gahawa" muna nufin abin sha da ƙwayar da ake yin sa da ita, "kofi" kuma mazubin da ake sha a ciki. Duk awon da muka bayar da giram ne, har na ruwa, domin mililita 1 na ruwa nauyinsa giram 1 ne.

Na sayi injin haɗa gahawa mai kyau, amma har yanzu abin da nake sha ba daɗi. Ina matsalar take?

Da wuya laifin ya zama na injin. Abubuwa huɗu ne ke yanke hukunci kan ɗanɗano tun kafin a kai ga inji: sabuntar ƙwaya, yadda aka niƙa ta, yawan gari a kan yawan ruwa, da kuma ruwan kansa. Wanda ke da ƙwayar da aka soya makonni biyu da suka wuce, da ƙaramin injin niƙa na hannu, da sikeli, zai haɗa gahawa da mazurarin roba ta fi ta wanda ya zuba tsohon gari a injin da ya fi kowanne tsada. Idan kuɗin sayen kaya bai da yawa, a fara da injin niƙa, sai sikeli. Sauran duk su jira.

Mene ne bambancin Arabika da Robusta?

Iri biyu ne na bishiyar gahawa, kuma kusan duk gahawar da ake sha a duniya daga gare su take. Arabika asalinta tsaunukan Habasha ne. Tana son tudu mai sanyi, galibi daga mita 1,000 zuwa 2,000 sama da teku, kuma ba ta jure cuta. Ta fi ƙamshi, da ɗan tsami mai daɗi da zaƙi. Robusta tana yi a ƙasa mai zafi da ba ta da tudu, ta fi juriya, ta fi yawan amfani a gona, kuma kafeyin (sinadarin da ke wartsake mutum ya hana barci) da ke cikinta ya kusa ninka na Arabika sau biyu. Ɗanɗanonta ya fi ɗaci da kauri. Brazil ce kan gaba a noman gahawa a duniya, Biyetnam na biye da ita, kuma mafi yawan ta Biyetnam Robusta ce.

Rubutun "Arabika 100%" a jikin leda ba shaidar inganci ba ce. Akwai Arabika marar kyau jibge a kasuwa. Haka kuma Robusta ba abin raini ba ce ga mai shan gahawa da madara mai yawa, ko mai son esfireso (gahawa mai kauri da inji ke matsowa da ƙarfi) mai kumfa, don ɗacinta ba ya ɓacewa a cikin madara.

Me zan duba a jikin leda kafin in saya?

Ranar da aka soya ta. Wannan ya fi duk sauran rubutun muhimmanci. Ranar ƙarewar wa'adi ba ta gaya maka komai, domin ana iya sa ta shekara guda ko fiye bayan suya, alhali ƙamshin ya fara tafiya tun bayan wata ɗaya ko biyu. Idan an rubuta ranar suya, nemi wadda ba ta wuce makonni huɗu zuwa shida ba.

Sai ƙasar da aka noma ta. Ba doka ba ce, amma an saba samun ta Habasha da ƙamshin fure da 'ya'yan itace, ta Kenya da tsami mai kaifi, ta Brazil da garɗi irin na cakulan da ƙarancin tsami, ta Kolombiya a tsakiya, ta tsibirin Sumatra na Indonesiya kuma da kauri da wani ƙamshi mai kama da na ƙasa.

Na uku, yadda aka raba ƙwayar da naman 'ya'yan itacen. Wankakkiya ita ce aka ɓare, aka bar ta ta ɗan ruɓa don yauƙin ya saki, aka wanke, sannan aka shanya. Ɗanɗanonta tsaf yake, tsaminta a fili. Wadda aka shanya da ɓawonta gaba ɗaya kuwa ta fi zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, wani lokaci har ya yi kamar abin da ya nuna ya wuce. Wasu na mutuwar son wannan, wasu ba sa iya sha. Sai ka ɗanɗana.

Leda mai ɗan ƙaramin bawul a jiki alama ce mai kyau: yana fitar da iskar da ƙwaya ke saki, ba ya barin ta waje ta shiga.

Suya mai haske, matsakaiciya, ko baƙa? Wacce ta fi ƙarfi?

Ya danganta da abin da ake nufi da ƙarfi. Idan ɗaci ake nufi, baƙar suya ce. Idan kafeyin ake nufi, to bambancin kaɗan ne ƙwarai idan an auna da sikeli, domin suya ba ta ƙone kafeyin yadda ake zato.

A lokacin suya ƙwaya na fashewa sau biyu da ƙara. Fashewar farko tana zuwa ne wajen digiri 196 a ma'aunin Salsiyos, ta biyu wajen digiri 224. Wadda aka sauke jim kaɗan bayan fashewar farko ita ce mai haske: tana riƙe da ɗanɗanon ƙasar da ta fito da tsaminta, amma tana da tauri, kuma tana buƙatar ruwa mai zafi sosai da niƙa mai ɗan laushi. Wadda ta kai fashewa ta biyu ta yi baƙi, mai ya fito a jikinta tana sheƙi, kuma abin da ake ji a baki suyar ce, ba ƙwayar ba. Irin wannan tana saurin lalacewa, don man da ke waje yana haɗuwa da iska ya yi maƙaƙi. Ga mai farawa, matsakaiciya ta fi sauƙin sha'ani: ko an ɗan kuskure awo, tana shanyewa.

Ashe ba wadda aka soya yau ce ta fi kyau ba?

A'a. Sabuwar suya cike take da iskar kabon, kuma iskar tana ture ruwa daga jikin gari, sai gahawar ta fito da tsami marar daɗi. A bar ta ta huta kwana huɗu zuwa bakwai idan tacewa za a yi, kwana goma zuwa mako biyu idan esfireso ne.

Dole ne sai na niƙa da kaina? Wane injin niƙa zan saya?

Ba dole ba ne, amma a nan ne bambanci mafi girma yake. Ƙwaya guda idan aka niƙa ta tana zama ɗaruruwan gutsattsari, kowanne iska na taɓa shi ta ko'ina. Ƙamshin da ya cika ɗaki lokacin niƙa, ƙamshin da ya kamata ya shiga kofi ne yake tsiyayewa. Shi ya sa ake niƙa abin da za a sha kawai, a lokacin da za a sha.

Injin niƙa iri biyu ne. Mai wuƙa, wanda ƙarfe ke juyawa a cikinsa kamar farfela, sara yake yi ba niƙa ba. Abin da yake fitarwa gauraye ne: wani ƙura, wani tsaki. Ƙurar takan tatsu fiye da kima ta kawo ɗaci, tsakin kuma ruwa bai gama shigarsa ba sai ya kawo tsami, duk a kofi ɗaya. Mai haƙora kuwa yana da faifai biyu, ko mazugi da zobensa, na ƙarfe ko na tangaran, ƙwaya na bi ta tsakaninsu tana murƙushewa, kuma tazarar da ke tsakanin haƙoran ce ke sa girman gari. Shi ake nema. Na hannu mai haƙoran ƙarfe yana niƙa giram 15 zuwa 20 cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma a kuɗi ɗaya yakan fi na lantarki niƙa mai kyau, tunda ba a kashe komai kan na'urar lantarkin da ke juya shi ba. Kafin saye, a kama sandar tsakiyar a girgiza: idan tana rawa, garin ba zai fito daidai ba.

Idan mai wuƙa kaɗai gare ka, riƙa kunnawa kana kashewa daƙiƙa biyu-biyu, kana girgiza shi a tsakani. Kuma kada a niƙa kayan yaji a injin gahawa. Warin ba ya fita.

Idan gari na mannewa a jikin inji yana tashi ko'ina, jiƙa bayan cokali da ɗigon ruwa ɗaya ka juya ƙwayar da shi kafin niƙa. Ɗigo ɗaya, ba biyu ba.

Yaya laushin garin ya kamata ya zama?

Ƙa'idar ita ce: gwargwadon daɗewar gari cikin ruwa, gwargwadon girmansa. Jiƙon ruwan sanyi da butar dannawa (mai ragar da ake dannawa don raba gari da ruwa) suna son ɓarzajjen gari, kamar gishiri mai manyan ƙwayoyi. Tacewa da takarda tana son matsakaici, kamar yashi. Butar moka (ƙaramar butar ƙarfe da ake ɗorawa a wuta, tururi ya tura ruwa ta cikin gari) tana son wanda ya ɗan fi haka laushi. Esfireso laushi sosai, wanda idan ka matsa da yatsu zai dunƙule amma kana jin ɗan gurzarsa. Gahawar Turkawa kuwa luƙui, kamar fulawa. Lambobin da ke jikin injin niƙa ba su da ma'ana a wajen wannan injin; lamba 15 a wani ba ita ce 15 a wani ba.

Gari nawa, ruwa nawa?

Fara da giram 60 na gari a lita ɗaya ta ruwa, wato kashi 1 na gari ga kusan kashi 16 ko 17 na ruwa. Kofi ɗaya: gari giram 15, ruwa giram 250. Kofi biyu: 30 da 500. Ka tuna gari na shanye ruwa kusan ninkin nauyinsa biyu, don haka daga 250 abin da zai sauka a kofi bai wuce 220 ba.

Cokali na yaudara. Babban cokali ɗaya yana ɗaukar giram 5 zuwa 7, ya danganta da tozon da aka yi masa da irin suyar, don baƙar suya ta fi kumbura, ba ta da nauyi. Sikelin da ke nuna kashi ɗaya cikin goma na giram ya wadatar, kuma agogon waya ya isa wajen lissafin lokaci.

Wane ruwa, kuma zafinsa nawa?

Fiye da kashi 98 cikin 100 na abin da ke cikin kofin tatacciyar gahawa ruwa ne. Ruwan da ke warin kulorin zai kai warin cikin gahawa. Matatar gawayi na cire shi. Ruwa mai nauyi, wanda ke barin farin ɓawo a gindin buta, yana kashe tsamin mai daɗi ya bar gahawa lami, sannan yana toshe inji. Ruwan da aka cire wa ma'adinai gaba ɗaya shi ma bai dace ba, gahawar kan fito fayau da tsami mai kaifi. Ana son tsaka-tsaki: ma'adinai kimanin miligiram 75 zuwa 250 a lita, 150 ya fi dacewa. Idan ruwan gora ne, adadin na rubuce a jikin takardarsa.

Zafi kuwa, tsakanin digiri 90 da 96. Idan babu ma'aunin zafi, bar ruwa ya tafasa, sauke, jira rabin minti zuwa minti ɗaya. Suya mai haske tana jure ruwan da aka sauke yanzu-yanzu; baƙar suya ta fi daɗi a digiri 85 zuwa 90. Masu zama a kan tudu su lura: duk hawan mita 300 yana rage zafin tafasa da kusan digiri ɗaya, don haka a tsayin mita 2,000 ruwa na tafasa ne a wajen digiri 93. Can babu jira, daga wuta sai kan gari.

Yaya ake tacewa da takarda?

Wata mata Bajamushiya, Melitta Bentz, ce ta ƙirƙiro tacewa da takarda a birnin Dresden a 1908, kuma mazurarai irin su V60 na kamfanin Hario da Chemex duk a kan wannan dabara suke. Ga yadda ake kofi ɗaya:

Sa takarda a mazurari ka wanke ta da ruwan zafi, ka zubar da ruwan. Wannan na cire ɗanɗanon takarda, yana kuma ɗumama mazubi. Zuba gari giram 15, girgiza ya kwanta daidai, ɗora komai a sikeli ka mai da shi sifili. Kunna agogo, zuba ruwa giram 30 zuwa 45 ya jiƙa garin duka. Zai kumbura yana ɓulɓulo da kumfa. Iskar kabon ce ke fita. Jira daƙiƙa 30 zuwa 45. Idan bai kumbura ko kaɗan ba, ƙwayar ta tsufa. Daga nan zuba sauran ruwan a hankali, kana zagayawa daga tsakiya zuwa gefe, sau biyu ko uku, har sikeli ya nuna 250. Kada ka riƙa zubawa a jikin takarda, ruwan zai bi gefe ya sauka bai taɓa gari ba. A ƙarshe ɗan juya mazurarin a hankali don garin ya kwanta.

Ya kamata ruwa ya gama sauka tsakanin minti 2 da rabi zuwa 3 da rabi. Idan ya wuce cikin minti biyu, garin ya yi girma. Idan ya tsaya cak ya haura minti huɗu, ya yi laushi, ko ƙura ta toshe takardar. Buta mai siririn dogon baki na taimakawa sosai a nan, don da ita ake iya sarrafa zubin. A sauran hanyoyin ba a buƙatarta.

Butar dannawa fa, wadda ake jingina wa Faransa? Tawa kullum da laka a gindi.

Ita ce mafi sauƙi, kuma mafi yafiya. Gari ɓarzajje giram 30, ruwa giram 500, zuba gaba ɗaya, bar shi minti 4. Za ka ga gari ya yi ɓawo a sama. Fasa shi da cokali, yawancinsa zai nutse, sai ka kwashe kumfa da abin da ya rage yana yawo. Yanzu ƙara haƙuri na minti 4 ko 5. A wannan jira ne ƙurar ke kwanciya. Sa murfi, danna ragar har ta taɓa saman ruwan kawai, kada ka kai ta ƙasa, don dannawa har gindi ita ke tayar da lakar da ta riga ta kwanta. Tsiyaya a hankali, ka bar ɗan na ƙarshe a ciki. Kuma juye duka a wani mazubi, kada a bar gahawa zaune kan gari.

Gahawar butar moka tana fito mini da ƙauri. Me nake yi ba daidai ba?

Wuta ce ta yi yawa, ko an bar ta a kai bayan ta gama. Butar moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933, kashi uku ce: tukunyar ruwa a ƙasa, kwandon gari a tsakiya, da mazubi a sama. Tururi ne ke tura ruwa ya bi ta gari ya hau.

Zuba ruwan da ya riga ya yi zafi a tukunyar ƙasa, ya tsaya ƙasa da bawul ɗin da ke gefe. Wannan bawul na tsaro ne, kada ruwa ya rufe shi. Cika kwando da gari, share samansa da yatsa, kada ka danna. Goge bakin, ɗaura da kyau (riƙe ƙasan da tsumma, da zafi), ɗora a wuta kaɗan, murfi a buɗe. Gahawa za ta fara fitowa a hankali, launinta duhu. Da zarar ta yi haske ta fara tartsatsi da gurnani, sauke, ka sa gindin butar a ruwan sanyi. Abin da ke fitowa bayan wannan gurnani shi ne mai ɗaci da ƙauri. Idan tururi na fita ta wurin ɗauri, ko gari ya maƙale a bakin, ko zoben robar ya bushe. Ana sayar da zoben shi kaɗai.

AeroPress da gahawar Turkawa?

AeroPress, wanda Alan Adler ya ƙirƙira a 2005, kamar babban sirinji yake: gari giram 14 zuwa 15, ruwa 200 zuwa 220, juya, jira minti 2, danna a hankali cikin rabin minti. Ba ya fashewa, ya dace da tafiya. Ta Turkawa: gari luƙui giram 7 a ruwa 70, cikin 'yar ƙaramar tukunya mai dogon mariƙi, wuta kaɗan. Idan kumfa ta taso, sauke kafin ta tafasa, juye da garin duka, jira minti biyu ya kwanta.

Ya dace in sayi injin esfireso?

Sai idan kana son abin ya zama sana'ar safiya. Esfireso ruwa ne mai zafin kusan digiri 93 da ake turawa ta cikin dannannen gari da matsi mai ƙarfin "bar" 9 ("bar" ma'aunin matsi ne). Awon farawa: gari giram 18, a fitar da giram 36 na gahawa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Kuskure ƙanƙani a niƙa yana mai da daƙiƙa 28 ta koma 12 ko 50, don haka dole injin niƙan ya zama mai iya matsawa kaɗan-kaɗan, kuma duk sabuwar leda sai an sake saiti. Wanda ya sayi inji bai bar kuɗin irin wannan injin niƙa ba, ya sayi rabin kaya ne. Rubutun "15 bar" ko "20 bar" a kwali iyakar ƙarfin famfon ne kawai, ba ya nuna inganci.

Matsalar da ta fi yawa ita ce ruwa ya huda wa kansa hanya ta wuri ɗaya a cikin garin. Alamarta feshi, saurin fita, da ɗanɗano mai tsami da ɗaci tare. Maganinta a warware dunƙulen gari da siririyar allura, a baje shi daidai, a danna a miƙe ba a karkace ba. Miƙewar dannawa ta fi ƙarfinta muhimmanci.

Ta yi tsami, ko ta yi ɗaci, ko ta yi salam. Yaya zan gyara?

A nan ne ake zama gwani. Kusan kashi 30 cikin 100 na nauyin ƙwaya ne ke iya narkewa a ruwa, amma ba duka ake so ba. Daɗin yana tsakanin kashi 18 zuwa 22. Abubuwa masu tsami ne ke saurin fita, masu zaƙi su biyo, masu ɗaci da bauri su zo a ƙarshe. Saboda haka harshe na iya gaya maka inda ka tsaya.

Idan tsami ne mai kaifi, da ɗan gishiri-gishiri, kuma ɗanɗanon ya ɓace da zarar ka haɗiye, ba a tatso isasshe ba. Ƙara laushin gari, ko zafin ruwa, ko lokaci. Idan ɗaci ne da bauri, baki ya bushe kamar an tauna ɗanyen 'ya'yan itace, an tatsa fiye da kima. Sa garin ya ƙara girma, ko rage zafi, ko rage lokaci. Idan tsami da ɗaci ne tare, ba awo ba ne, rashin daidaito ne: niƙan bai yi bai ɗaya ba, ko ruwa bai ratsa garin ko'ina ba.

Akwai kuma wani abu daban da ake yawan rikitawa da wannan, wato kauri. Gahawa na iya zama ɗanɗanonta daidai amma ta yi ruwa-ruwa. Wannan ƙarin gari take so, daga giram 15 zuwa giram 16 ko 17, ba canjin niƙa ba. Idan ta yi nauyi da yawa amma ba ɗaci, ƙara mata ruwan zafi a kofi, shi ke nan. Mutane da yawa idan sun ji ɗaci sai su rage gari, alhali ƙaramin gari a ruwa mai yawa ƙara tatsuwa yake yi, sai a samu gahawa tsararo kuma mai ɗaci.

Sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji, kuma fara da niƙa. Idan ka sauya uku lokaci guda ta yi daɗi, ba za ka san wanne ya gyara ba. A ɗanɗana kuma bayan ta ɗan huce, don tsananin zafi na ɓoye zaƙi da aibi duka. Idan kuwa ɗanɗanon kwali ko tsohon katako kake ji, babu saitin da zai cece ta, ƙwayar ce ta mutu.

A ina zan ajiye ƙwaya? Firij ya yi?

Firij bai yi ba: akwai laima, kuma gahawa na zuƙe warin duk abin da ke kusa da ita. Maƙiyanta huɗu ne, iska, haske, zafi da laima. Bar ta a ledarta, matse iskar, rufe, sa a kabad nesa da murhu. Sayi abin da zai ƙare cikin wata guda. Idan ta yi yawa, firiza na riƙe ta watanni, da sharaɗin a kasa ta ƙanana-ƙanana a mazubin da iska ba ta shiga. Wanda aka fitar ba ya komawa. Idan kason babba ne, bar shi a rufe har sanyinsa ya tafi kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka kan ƙwayar.

Yaya ake jiƙon ruwan sanyi?

Ɓarzajjen gari giram 100, ruwa giram 800, a kwalba mai murfi, a firij awa 12 zuwa 18. Tace da raga, sannan da takarda. Abin da ya fito mai kauri ne, ana sirka shi da ruwa ko madara daidai wa daida. Tsaminsa kaɗan ne, amma kafeyin ɗinsa ba kaɗan ba. A shanye cikin 'yan kwanaki.

Madara fa?

A ɗumama ta zuwa digiri 60 ko 65. Idan ta haura 70 zaƙinta na raguwa, kumfar ta lalace. Butar dannawa na yin kumfa mai kyau: zuba madara mai ɗumi zuwa kashi ɗaya cikin uku, riƙa ɗaga ragar kana saukewa har ta kusa ninkuwa.

Sau nawa zan wanke kaya?

Mazurari, buta da raga, duk bayan amfani. Man gahawa na manne wa ƙarfe da roba, idan ya kwana biyu sai ya yi maƙaƙi ya ɓata sabon haɗi. Maganar cewa baƙin da ya taru a buta "yana ƙara daɗi" ba gaskiya ba ce. A kwance ragar butar dannawa a wanke faifanta ɗaya-ɗaya, gari na ɓuya a tsakani. Injin niƙa kuma buroshi ne nasa, ba ruwa ba, don haƙoran ƙarfe na tsatsa. Injin da ruwa ke bi ta cikinsa yana buƙatar a cire masa farin ɓawon ma'adinai duk wata biyu ko uku, ko kafin haka idan ruwan mai nauyi ne, da maganin da kamfanin ya ambata. Butar moka ta alminiyam ba ta shiga injin wanke kwanuka, baƙi take yi. A wanke da hannu, a bar ta ta bushe kafin a sake ɗaura ta.

Kofi nawa ne ya yi yawa?

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 na kafeyin a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Matsakaicin kofin tatacciyar gahawa na ɗauke da kimanin 80 zuwa 100, kurɓin esfireso ɗaya kuma 60 da 'yan kai. Jiki na ɗaukar kusan awa biyar kafin ya rage rabin kafeyin da aka sha, shi ya sa kofin la'asar ke hana wasu barci. Wani abin lura: gahawar da ba a tace da takarda ba, kamar ta butar dannawa da ta Turkawa, tana ɗauke da wani mai da ake kira kafestol, wanda ke ɗaga kolestarol (wani kitse da ke cikin jini) idan ana sha da yawa kullum. Takarda na tare mafi yawansa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tuntuɓi likitansa kan adadin da ya dace da shi.

Zan iya sake ɗumama wadda ta huce?

Za ka iya, amma ɗaci zai ƙaru. Abin da ya fi ɓata gahawa shi ne barin ta a kan faifan ɗumi na inji. Cikin rabin awa ta fara ƙauri. Idan za a daɗe ana sha, ɗauraye filas da ruwan zafi, juye ta ciki da zarar an gama haɗawa, a rufe. Tana riƙe daɗinta awa ɗaya zuwa biyu.